Jar Ƙasa a Kan Rufin Kankare

Abin da zan faɗa ya faru ne a New Bell, cikin shekarun da mutanen Duwala ke kira kiriz, lokacin da albashi ya daina zuwa a kan kari, masana'antun Bassa suka yi ta sallamar ma'aikata, mai ɗaura taye ya koma sayar da gyaɗa a bakin titi. Allah ne shaida ban ƙara kome ba. In na rage, mantuwar tsufa ce.

A bakin unguwarmu ta Hausawa akwai wani ginin gwamnati da Faransawa suka yi bayan babban yaƙi na biyu. Kankare ne zalla, dogo, ba ado ko na sisi. Bai zauna a ƙasa kamar sauran gidaje ba, a kan ginshiƙai yake tsaye, ƙarƙashinsa fili, iska ta wuce, in an yi ambaliya ruwa ma ya wuce abinsa. Bangon saman huda-huda ne kamar rariya, rufin kuma a shimfiɗe. Lokacin da yake aiki, nan ake bin layin takardar haihuwa da allurar rigakafi, a babban ɗakin sama kuma ake taron ma'aikata. Mu dai benen meri muke ce masa, meri kuwa ita ce hukumar gari. Da kiriz ta tsananta aka kwashe ofisoshin, aka sa wa ƙofa sarƙa, aka bar wani tsoho mai gadi shi kaɗai, awaki suka gaji inuwar ƙasan.

Maigidana Alhaji ne ya karɓi hayarsa daga hannun meri. Alhaji dillalin albasa da gyaɗa ne, fataken da ke zuwa daga Marwa da Garwa da Kano a wurinsa suke sauka, ya ba su makwanci, ya sayar musu da kaya. Ni ma a hannunsa na sauka tun ina saurayi, ba ni da kome sai gafakar littattafai da kwalbar tawada. Shi ya tsaya mini a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Aikina rubuta wa fatake wasiƙu da ajami, in an aiko musu kuma in karanta musu. Ina faɗin wannan ne don a san nauyin da ke wuyana game da shi.

Cikin rani ɗaya ya juya ginin. Filin ƙasa aka zagaye da bulo tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi, aka fitar da shaguna: teloli, mai shayi, mai gyaran rediyo, mai sayar da turare. Babban ɗakin sama aka raba uku. Ɓangaren yamma ya zama ma'ajiyar buhuna, tsakiya ɗakunan baƙi, gabas kuma masallaci. Hudojin bango duka aka toshe, domin akwai fataken da ke zuwa da iyalinsu, ba wanda zai yarda matarsa ta zauna inda mai wucewa a titi zai hango ta. Ni aka ba limancin salloli biyar, da ɗaki ɗaya kusa da matakala, ni da mai ɗakina. Na yi murna ƙwarai. Ban taɓa kwana a bene ba sai a wannan shekarar.

Ana cikin ginin shagunan ne leburori suka ga wani baki a gindin wasu ginshiƙai, rami mai faɗin tafin hannu, yana buɗe cikin shagon. Masu shago suka ce hanyar ɓeraye ce, a toshe. Aka dama siminti aka ɗura. Ina tsaye tsohon mai gadin ya iso yana jan ƙafa. Mutumin kudu ne, Kirista, ya iya Hausar kasuwa, an ce yana yaro ya ɗauki yashi a ginin nan lokacin da ake yinsa.

Ya ce, "Malam, hana su. Wannan ba na ɓera ba ne. Ruwan sama ne yake bi nan ya sauka."

Na ce, "Baba, ruwa ta cikin ginshiƙi?"

Ya ce, "Ta ciki. Akwai bututu daga sama har ƙasa."

Masu shago suka yi ta dariya. Ni ma na yi murmushi, Allah ya yafe mini. A garuruwanmu ruwan soro ta indararo yake zuba, a waje, kowa na gani, mai wucewa ya kauce. Wane mahaluki zai sa ruwa ya bi ta cikin abin da ke ɗauke da gidansa? Aka ce wa tsoho an ji, aka ci gaba da ɗura siminti.

Damina ta faɗi. Wanda bai zauna Duwala ba bai san ruwa ba. A can gida ruwa baƙo ne, ya zo da hadari da tsawa, ya zuba ya tafi, rana ta fito. Nan kuwa ruwa shi ne mai gida. Sai ya kama tun Asuba ba iska ba tsawa, ya yi ta zuba kamar ana tsiyayar da tulu, har ka manta launin rana. Mako biyu da farawa rufin ya soma yoyo. Da fari a ma'ajiya, albasa ta fara tsiro cikin buhu. Daga nan ɗakunan baƙi, sannan masallaci, daidai sahu na uku. Muka jera robobi da tukwane, ana salla ana jin ɗis, ɗis.

A cikin jama'armu akwai wani tela Bafulatani da wani mai albasa Babarbare, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba. Telan ya dubi rufin ya ce, "Kai bawana, albasarka ce fa ta sa ginin nan hawaye."

Babarbaren ya ce, "Ji mini Bafulatani! Kai da aka haifa a bukkar kara, saniya na leƙo ka, yau kai ne mai raina bene? Gode wa Allah da ka sami rufin da zai yi maka yoyo."

Aka yi dariya, aka ɗauki robobi aka zubar.

Alhaji mutum ne da ba ya barin baƙonsa cikin wahala. Ruwa na ɗaukewa ya aika gida aka zo masa da magini, dattijo, wanda ya gina soraye a birni da ƙauye, hannunsa kamar bawon itace. Magini ya hau rufin, ya zagaya, ya sauko ya ce maganin soro mai yoyo ɗaya ne tun kaka da kakanni: a ƙara masa ƙasa, a daɓe, a shafe, a karkata shi ruwa ya gangara. Haka ake yi kowace shekara kafin damina, kuma haka sorayen kakanninmu suka kai shekarun da suka kai. Katsin marina da ake haɗa shafen da shi babu shi a Duwala, sai ya ce a kawo jar ƙasa, a gauraya da ɗan siminti da baƙin mai na mota.

Kwana da kwanaki tifa na zuwa tana juye jar ƙasa a bakin ginin. Samun lebura ba wuya a lokacin, har da waɗanda jiya suke riƙe da biro a ofis. Suna hawa matakala da kwanon sarki a ka, suna saukowa, ta bakin ƙofata. Matata ta gaji da sharar jar ƙasa. Aka daɓe, aka huda bakin rufin wuri huɗu aka sa indararo na kwano, aka shafe cikin masallacin da farar ƙasa. Ya yi kyau, ba ƙarya. Wani bafatake ya ɗaga kai ya ga indararo ya ce yau ya ji kamar yana gida.

Duk tsawon aikin tsohon mai gadi na nan. Yana zaune a kujerarsa yana bin kwanonin da ido, ɗaya bayan ɗaya.

Damina ta biyu, makonnin farko ba yoyo ko ɗigo. Aka yi ta sa wa magini albarka. Abin da ya fara zuwa ba ruwa ba ne. Ƙofar ɗakinmu ce ta fara cijewa, sai na sa kafaɗa. Na ce damshi ne ya kumbura katako. Sai ƙofar ma'ajiya, ita kuwa ta ƙarfe ce. Bayan haka wasu jajayen layuka suka fito a jikin farar ƙasar, suna gangarowa daga rufi kamar an zubar da ruwan goro. Ginshiƙin da ke cikin shagon mai shayi ya riƙa gumi dare da rana, in ka kara kunne kana jin motsi a ciki.

Wata rana bayan sallar Walaha ina kwance rigingine a masallaci ni kaɗai, sai na ga tsaga a jikin babban dogarin kankaren da ya ratsa rufin. Siririya ce kamar zaren ɗinki. Na ɗauko tsani, na tsoma alƙalamin kara a tawada, na ja ɗan layi a inda ta tsaya, na rubuta ranar wata da ajami a gefe, ƙanana yadda ba mai lura. Ban san me ya sa na yi haka ba, sai dai mai rubutu ba ya yarda da idonsa sai ya sa a rubuce. Juma'a ta zagayo na hau, tsagar ta wuce layina da yatsa biyu. Na ja wani. Juma'a ta gaba ta wuce da yatsa huɗu, kuma bakin alƙalamin na shiga cikinta.

Na sami mai gadi na faɗa masa. Ya tashi ya ɗauki sandarsa ya ce in biyo shi. Bayan Azahar ne, ana yayyafi. Ban taɓa hawa rufin ba tun da aka daɓe shi. Da muka tura murfin muka fita, sai na ga fadama. Ciyawa har gwiwa, kwaɗi na tsalle, wata gwanda ta tsiro ta kai ƙugu. Daɓen ya farfashe, ƙasar ta sha ruwa ta ƙoshi, ƙafa na nutsewa. Indararon nan huɗu a bushe suke, domin ruwan ba ya zuwa wurinsu. Duk ya taru a tsakiya ya yi tafki, daidai kan masallaci da ɗakunan baƙi. Tsoho ya soka sandarsa a bakin tafkin, ta shige kusan kamu guda kafin ta taɓa abu mai tauri.

Ya ce, "Da, tsakiyar nan ta fi baki tudu. Yanzu ka gani."

Na ce, "Baba, zai faɗi?"

Ya ce, "Ni ba injiniya ba ne. Amma akwai rodi a ciki, rodi kuma ba ya son ruwa. Yana ci a hankali. Ranar da ya gama ci, ba ya sallama."

A makon nan yoyo ya dawo, ya fi na bara, ruwan kuma ja. Magini bai koma gida ba, yana nan yana wasu ayyuka a unguwa, sai na je na same shi. Na kawo shi na nuna masa tsagar da layukan tawada. Ya daɗe yana kallo. Ya ƙwanƙwasa dogarin da ƙoƙon hannu, ya kara kunne.

Ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ni ƙasa na sani. Soron ƙasa in zai faɗi yana gaya maka, azara ta yi kuka, gara ta zubo, ka kwashe yaranka ka fita. Wannan dutsen Nasara ba ya magana da ni."

Na ce, "To me za a yi?"

Ya ce, "Abin da na iya ke nan. Inda ya lotsa a cike, ruwa ya sami gangara."

Wato a ƙara ƙasa. Bai faɗa da mugunta ba. Iyakar saninsa ya ba ni.

Kwana uku ina juya yadda zan tunkari Alhaji. Na same shi bayan La'asar a shagonsa, yana zaune a kan buzu. Na durƙusa na gaishe shi, ya ɓare goro ya miƙo mini rabi. Na faɗa masa duka, tun daga bakin ginshiƙai har zuwa sandar mai gadi. Na ce ina ganin a kwashe mutane daga sama, a sauke ƙasar nan, a kira wanda ya san kankare ya duba.

Ya tauna goronsa ya ce, "Malam, wanda ya san kankare a ina yake? A meri yake. In na kira shi yau, gobe ya sa wa ginin sarƙa. Telolin nan ina za su? Baƙina in kai su ina, a wannan zamani da ɗan gari ma bai sami wurin sa haƙarƙari ba?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ko masallacin kaɗai a sauko da shi."

Ya ce, "In aka sauko da masallaci, me aka gaya wa gari? An ce Alhaji ya tara Musulmi a ƙarƙashin ajali. Wane bafatake zai sake sauka a hannuna?" Sai ya sassauta murya. "Ginin da ya ɗauki Nasara da takalmansu na ƙarfe shekara da shekaru, mu da muke ambaton Allah a cikinsa zai ƙi ɗauka? Kai malami ne, ba sai na tuna maka tawakkali ba. Ruwa ya ɗan tsagaita, magini zai gyara."

Na ce Allah ya sa alheri, na tashi. Ba ƙarya ya faɗa ba game da telolin da baƙin. Shi ya sa maganar ta yi mini nauyi.

A daminar ne aka shiga kwanakin rufe gari, ba kasuwa, ba mota, kowa ya zauna inda yake. Fatake ba su da wurin zuwa, masu shago sun rufe sun hau sama, mutanen unguwa ma da suka saba salla a kasuwa suka dawo wurinmu. Masallacin da ke yin sahu huɗu ya riƙa cika har bakin matakala. Ruwa kuma ya kama, kwana shida bai ɗauke ba. Rana ta shida da safe na hau tsani. Layukana duka tsagar ta bar su a baya, ta kai bango, ta fara gangarowa.

Lokacin La'asar ya yi. Ladan ya ta da iƙama, na shiga gaba, na daidaita tsayuwa. Na dubi wurin sujadata sai na ga wasu ƙananan ɓarɓashi a kan buzun, baƙi-baƙi ja-ja. Na san na kakkaɓe shi bayan Azahar. Na sunkuya na ɗauki ɗaya na murza, tsatsa ce. A bayana ina jin numfashin mutane, da tarin wani tsoho, da ɗigar ruwa cikin robobi. Na ɗaga hannu zan yi kabbara, hannun ya ƙi kaiwa kunne. Duk wanda ke bayan nan saboda ni ya tsaya a inda ya tsaya. In na ce Allahu akbar, ba mai motsawa sai na sallame, ko me ya ji a bisa kansa.

Na juya na fuskance su. Alhaji na sahun farko, daidai bayana, kamar kullum.

Na ce, "Jama'a, ku gafarce ni. Ba zan ja salla a ƙarƙashin rufin nan ba. Ya tsage, kuma akwai tafki a kansa, na gani da idona. Zan sauka in yi a ƙasa. Wanda ya ga dama ya biyo ni."

Ban dubi fuskar Alhaji ba. Na naɗe buzuna na ratsa sahu. Aka yi ta buɗa mini hanya. Na sauka, na tsallaka titi cikin ruwa zuwa rumfar wani kanti da ke rufe. Da na waiwaya, waɗanda suka biyo ni ba su cika sahu biyu ba. Telan nan Bafulatani na ciki. Abokin wasansa Babarbare ya tsaya a sama, kayansa na can, maigidansa na can.

Muka shimfiɗa kwalaye muka ta da salla. Kafin in gama Fatiha na ji kabbarar na sama, Alhaji ya sa wani ya shige gaba. Jam'i biyu a lokaci ɗaya, titi ne kawai tsakani. Ban taɓa yin sallar da zuciyata ta bar ta kamar wannan ba. Bakina na karatu, kunnena na ƙetaren titi. Suka yi ruku'u na ji, suka yi sujada na ji dirin gwiwoyi a kan bene. Na sallame ban tabbata raka'a nawa na yi ba.

Ba abin da ya faɗi. Suka sauko suna gyara huluna. Babarbaren ya hango telan ya ɗaga murya, "Bafulatani, ka tsira? Mu ga mu nan mun mutu, a kai wa iyalina labari!" Aka yi dariya. Telan bai rama ba, kuma ban taɓa ganin ya bar bashin magana ba sai ran nan.

Alhaji bai kira ni ba, bai yi mini faɗa ba. Kwana uku ana kawo mana tuwo daga gidansa kamar yadda aka saba. A na huɗu ya aiko ƙanensa ya gaishe ni da kyau, ya tambayi lafiyar iyali, sannan ya ce wani ɗan'uwansu na tafe daga Garwa, ana neman inda za a sauke shi, Alhaji ya ce ko Malam ya san wani ɗaki kusa da matakala. Na ce na sani, kuma gobe za a same shi a share.

Muka koma unguwar Nylon, ɗaki ɗaya na katako a bakin kwata, inda ruwa ke shigowa ta ƙasa maimakon ta sama. Ranar da muke ɗora kaya a amalanke ruwa ya tsagaita, tifa ta zo ta juye jar ƙasa a bakin matakala. Mai gadi ya riga ya mayar da kujerarsa ƙetaren titi. Na je na yi masa sallama, ya riƙe hannuna ya ce in riƙa yi musu addu'a irin tamu, shi ma yana yin irin tasu.

Bayan wata biyu telan ya zo Nylon ya gaya mini wani ɓangaren rufin ma'ajiya, kamar faɗin tabarma, ya ɓallo da hantsi ya faɗa kan buhuna, rodin ya fito baƙi ƙirin, siriri kamar tsinken tsire. Ba kowa a wurin. Aka shafe gurbin da siminti, aka bi da farar ƙasa, har da layukan tawadata na masallaci. Shi ya kwashe kekensa ya koma wata unguwa. Sauran suna nan, an sami sabon liman, mai murya ya fi ni.

Ban sake taka matakalar nan ba. Da na sami labarin rashin lafiyar Alhaji na je gidansa na duba shi, ya karɓe ni da fara'a, muka yi hirar farashin albasa da wahalar hanya, ba wanda ya ambaci bene.

Damina ta gaba ina tsaye a bakin tashar jirgin ƙasa ina jiran wani, sai ga mutum ya sauko da buhuna, da mace a bayansa da goyo. Ya ga rawanina ya yi sallama, ya ce baƙo ne daga Marwa, an ce ya sauka a benen meri, ta ina zai bi? Na tambaye shi ko yana da wani masauki ban da nan. Ya ce ba shi da kowa a Duwala. Hadari ya riga ya haɗu ta wajen teku. Na kwatanta masa hanya, na ce in ya isa ya roƙi a ba shi ɗakin da ya fi kusa da matakala, kuma kada ya riƙa sa sakata. Ya tambaye ni dalili. Na ce ƙofofin gidan suna cijewa. Ya yi godiya, ya ɗora buhu a ka, matar ta gyara goyonta ta bi shi.